Gidan da Ba a Amsa Sallama

Da yammacin wata Talata, tsaunukan Kagoro sun fara yin baƙi, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Malama Hulda a Kafanchan. Su uku ne a falo: ita, da mijinta Patrick, da 'yarsu Afiniki mai shekara goma sha huɗu. Malama tana tura wa iyayen ɗalibanta saƙo ta waya, Patrick yana kallon ƙwallo a tasa wayar, yarinyar tana zaune a ƙasa ta zuba wa bango ido. Babu wanda ya ɗaga kai. Sai da na huɗu ya fasa randa a tsakar gida sannan Malama ta ja tsaki, ta zagi yaran unguwa, ta koma latse-latsenta.

Washegari ma haka aka yi. Da almuru sai jifa, bayan jifa sai shiru mai nauyi, ko kare ba ya haushi. Daga nan a ji dariyar wata tsohuwa ƙasa-ƙasa a bayan kicin, a leƙa ba kowa.

Ran Juma'a Malama ta miƙa wa Afiniki tuwon acca. Yarinyar ta ɗago jajayen idanu, ta yi magana da muryar tsohuwar nan: "Yau kin gan ni?" Kwano ya suɓuce daga hannun uwar.

Kafin rana ta faɗi ran Asabar aka ɗauko Baba Obadiah a babur daga Fadan Kagoma, tsohon mai bishara da ya san kan irin wannan aiki. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki da ya sha hannu, ya fara addu'a. Patrick, ko kunya babu, har ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyo. Kallo ɗaya Baba ya yi masa ya mayar da ita aljihu.

"A cikin sunan Yesu, wane ne kai?" in ji Baba. "Wa ya ba ka hanya?"

"Ni ba ɓarauniya ba ce," in ji muryar daga bakin Afiniki. "Yamma uku ina tsayawa a ƙofar nan ina sallama. Suna ciki, kowa ya sunkuya kan 'yar fitilarsa, babu wanda ya amsa. Inda ba a amsa sallama mu kango muke ce masa, kango kuwa namu ne."

"Yaushe kika shiga yarinyar?"

"Tambayi uwarta."

"Talata ne, Baba," in ji Malama.

Muryar ta tuntsire da dariya. "Sati uku ke nan! Ni na ci tuwonki, ni na je makaranta. Gajiya na yi da jiran ku lura, shi ne na fara jifa."

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da take gane ɗalibin da bai karya ba a cikin yara sittin, ta yi sati uku tana ciyar da aljana a falonta.

Baba ya ce ta fita. Muryar ta ce da sharaɗi. "Ranar da na shigo, yarinyar ta dawo makaranta tana kuka. Sau uku ta faɗa wa uwarta abin da aka yi mata, sau uku uwar ta ce 'uhm'. In uwar ta maimaita mini maganar, zan bar mata 'yarta yadda na same ta."

Malama ta dafe kai. Ta tuna saƙon da take rubutawa a ranar, har da kuskuren da ta goge. Maganar 'yarta kuwa ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Ta dubi Patrick, ya dubi ƙasa.

"To, zan tafi, don tsohon nan ya ishe ni," in ji muryar. "Amma maganar ni kaɗai na saurare ta, da ita zan tafi."

Afiniki ta yi atishawa sau uku ta zube. Da ta farfaɗo, uwar ta rungume ta tana kuka. "Afiniki, me aka yi miki a makaranta? Faɗa mini, ina ji, 'yata, yanzu ina ji."

Yarinyar ta dube ta da ladabi, kamar yadda ake duban baƙuwa.

"Ba komai, Momi."

Shekara biyu ke nan, duk yamma sai Malama Hulda ta sake tambaya, kuma amsar ba ta canza ba.