Bakwai Ga Wata

A bakin wani ƙaramin kogi a Dagenham, can ƙasar Turawa, Sakinatu ta fara ganinsa, a shekarar 1991. Ta taso daga aikin asibiti a gajiye, shi kuma yana tsaye cikin laka har gwiwa, yana ce wa takalminsa da ya maƙale, "Kai ma ka gaji ko?"

"Sannu da aiki, Malam," ta ce.

Ya ɗago kai. Bai yi zaton jin Hausa a nan ba.

Sunansa Hambali, injiniya ne. Suna gina wa kifi matakala a jikin tsohuwar madatsa don ya samu hawa kogin, da ƙofar ƙarfe da ake rufewa in teku ta ciko, kada ruwa ya shiga gidaje. Kafin hunturu ya fita tana kiransa Sarkin Ruwa, shi kuma Sakinata.

Da zancen aure ya taso, mahaifinta, Alhaji Zailani, bai so ba. Ruwan kogin ya sha cinye masa kafet a flat ɗinsu da ke hawan ƙasa na bene.

"Mai yi wa kifi tsani? Ga Maje ɗan'uwanki, likita."

Da ƙyar ya yarda ya gan shi. Da watan Musulunci Alhaji yake sa rana, ya sa sha huɗu. Hambali bai zo ba. Ya sake sa ƙarshen wata. Aka dafa abinci, ya huce. Da la'asar waya ta yi ƙara.

"Sakinata, an yi flood warning, ambaliya na tafe. Ba zan iya barin ƙofar ba."

"Baba ya sa babbar riga tun azahar."

"Na sani."

"Na gaji, Hambali."

"Ni ma."

Ta ajiye wayar. Alhaji ya ce zancen ya ƙare.

Da yamma ruwan sama ya tsinke, kogi ya kumbura har leɓen katanga, ya tsaya nan. Washegari Alhaji ya taka kafet ɗinsa, a bushe. Ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin kogi. Sakinatu ta bi shi.

Hambali na zaune a kan katanga, idonsa jawur. Ya sauko ya durƙusa.

"Ranar da na fara sa maka, wata ya cika," in ji Alhaji. "Jiya kuma ana duban sabo. Teku da wata take tafiya?"

"Da shi, Baba. Lokutan ne take cikowa sosai."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Rana ce kuka sa. Na ji nauyin in ce a canza."

Alhaji ya yi tsaki. Ya leƙa matakalar, inda wasu ƙananan kifaye ke ta faman hawa.

"Yaushe take kwantawa?"

"Wajen bakwai ga wata."

"To ka turo manyanka. Ka wanke ƙafa."

Bakwai ga Sha'aban aka ɗaura aure a Tottenham. Ango ya riga kowa zuwa.

"Allah Ya yi muku albarka," in ji Alhaji. "Ranar sunan jariri kuma in ta faɗo tsakiyar wata, ba ruwana."