Yashin Ajin Zana

Ranar da Idris ya fara shiga makarantar Mushe Yakuba, wato Malam Yakuba, da ke Garin Malam a Zinder, bai fara da duba rajista ko benci ba. Tsayawa ya yi a ƙofar ajin da aka kewaye da zana, ya ɗaga hanci yana shaƙar iska. Balki tana gaban allo da alli a hannu, yara ƙanana zaune kan tabarmi a gabanta.

"Malama, sannu da aiki," in ji shi. "Daga ofishin masu duba makarantu nake. An nemi izinin buɗewa, aka turo ni in ga wurin."

"Sannu da zuwa, Ansifekta."

Ya dube ta, ta sunkuyar da kai, yaran kuwa suka fara ƙus-ƙus suna dariya, don yara ba abin da ke wuce musu. Shi ma sai ya manta abin da hancinsa ya jiyo.

Balki ce ba ta manta ba. Mahaifinta, Mushe Yakuba, ya yi ritaya daga koyarwa ya buɗe wannan makaranta saboda yaran unguwa da ba su samu wuri a ta gwamnati ba. Filin na Alhaji Kassim ne, ɗan kasuwar da ke shigo da fetur daga Najeriya, kuma a bayan zanar ajin Balki yake jibge jarkokinsa. Duk ranar da aka ji masu dubawa za su zo, sai a kwashe jarkokin da sassafe, a yayyafa ruwa, a share. Da sun tafi a mayar. Kowa a unguwar ya sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Idris ya dawo wai zai auna faɗin aji. Ya sake dawowa wai ya manta bai ga makewayi ba. Zuwa na gaba bai ma nemi dalili ba, gidan su Balki ya nufa ya yi sallama. Daga nan saƙonni suka fara.

"Malamata, yau na duba makarantun lakwal biyu a Tirmini, amma hankalina yana ajin zana."

"Ansifektana, ka riƙe hankalinka, kada ka rubuta sunana a rahoton mutane."

Tana karantawa tana murmushi, amma da ta shiga aji murmushin yake gushewa. Zafi ya tsananta, warin fetur yana ratsa zanar har yara suna cewa kansu na ciwo. Mai ƙosai tana hura wuta a bakin titi, iska na ɗaukar tartsatsi. Balki ta koma koyarwa tana tsaye a bakin ƙofa, tana lissafa a zuci yadda yara za su fita ta ƙofa ɗaya.

"Baba, a yi wa Alhaji magana ya janye bidon ɗin fetur ɗin nan," ta ce wata yamma.

"Na yi masa. Ya ce in takardar izini ta fito zai gina mana aji na siminti." Mushe Yakuba ya gyara zama. "Kuma ya yi mini maganar aurenki, Balki. Ban amsa ba, na ce sai na ji daga gare ki. Amma ki sani, a filinsa muke."

"Baba, ka san inda zuciyata take."

"Na sani. To yaron nan ya sa hannu mana, kowa ya huta."

Saura kaɗan Idris ya sa hannun. Ya gaya mata a zaure, cike da murna, cewa rahotonsa ya kammala kuma bai ga aibu ba. Balki ta dube shi, mutumin da ya yarda da ita har bai taɓa tambayar warin nan ba, ta ji kunya ta rufe ta. Bayan ya tafi ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Idris, kada ka sa hannu. Gobe ka zo ba tare da ka sanar ba, ka zagaya bayan ajina. Ka yafe mini."

Ya zo, ya gani. Bai ɗaga murya ba, sai da ya ga an fitar da yaran duka sannan ya ce an rufe makarantar har sai an sami wani wuri. Mushe Yakuba ya tsaya a tsakar fili, tsoho da farin gemu, iyaye suna kallonsa.

"Ka ci abinci a gidana, ka zo ka tozarta ni," ya ce. "Kada in ƙara ganin ƙafarka a zaurena."

"Baba, ni na kira shi," in ji Balki.

Bai ko waiwaye ta ba. Gida ya yi tsit, ba ya amsa gaisuwarta sai da kai. Alhaji Kassim ya aiko a kwashe tarkacen makaranta daga filinsa, ya kuma yaɗa a unguwa cewa ansifekta ya yi amfani da yarinya ne don ya samu ƙarin girma. Maganar ta shiga zuciyar Balki, ta daina amsa waya. Saƙo ɗaya kawai ta buɗe.

"Sahibata, in rasa ki ya fi mini sauƙi da in tsaya a kan gawar yaro ɗaya daga ajinki. Amma ina roƙon Allah kada in rasa ki."

Ta yi kuka har ta gode Allah.

Ranar kwashe kaya ta bi mahaifinta don ta naɗe tabarmi. Da ta ɗaga ta can ƙurya, inda mafi ƙanƙanta suke zama, sai ga yashin ƙasan ya yi baƙi, ya jiƙe. Mushe Yakuba ya durƙusa ya damƙi yashin ya sansana. Ya ƙulle shi a hankici, suka koma gida.

Inna Lami, mahaifiyar Balki, tana girki a tsakar gida. Mushe Yakuba ya kwance hankicin ya watsa yashin cikin murhu. Wuta ta tashi bal, har ta lashi gefen rumfa, Inna ta yi baya tana salati.

Tsohon ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon wutar.

"A kan wannan suke zaune," ya ce a hankali. "Ni na zaunar da su." Ya share ido da hannun riga. "Balki, kira mini yaron nan."

Idris ya zo ya durƙusa a zaure. Mushe Yakuba ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, ka yi aikinka, ni ne ban yi nawa ba. Ka turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, iyayen yara suka cika ƙofar gida. Takarda ba ta fito ba tukuna, sai an gama ɗakuna biyu na bulo da unguwa ta haɗu tana ginawa a filin masallaci, kuma Idris ya roƙi a turo wani ya duba, tun da yanzu makarantar surukinsa ce.

Da za a kai amarya, Mushe Yakuba ya dafa kan Balki.

"Kin ƙi jin maganata, kin cece ni," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya tsare muku 'ya'yanku kamar yadda kuka tsare na mutane."

Jama'a suka amsa da amin.