Ɗiyar Mai Goro

Mulikat tana tankaɗe garin alabo a tsakar gidansu da ke Fagge sa'ad da ɗanta Akeem ya dawo daga rumfarsa ta Kantin Kwari. Ba ta ɗago ba. Sai ta miƙa masa wayarta, ta ce ya saurari abin da 'yan matan unguwa ke tura wa juna.

Muryarsa ce, yana karanta waƙar da ya sa a Facebook mako uku da suka wuce:

"Mai wushirya, ɗiyar mai goro,
Na zo da so, kin ba ni horo,
Kin rufe ƙofa ba ko tsoro."

A duk Sabon Gari mai goro ɗaya ne ke da 'ya mai wushirya, shi ne Alhaji Moshood, uban Hikmat, yarinyar da Akeem ya yi shekara biyu yana nema.

Abin da ya raba su ya faru ne ranar gaisuwar iyaye. A al'adar Yarabawa, mai neman aure yakan kwanta rub da ciki a gaban surukinsa. Akeem kuwa haifaffen Kano ne, cikin Hausawa ya tashi. Da aka iso gaban Alhaji da dattawan da suka zo takanas daga Ogbomoso, sai ya tsuguna kawai, yadda yake gaida alhazan Kwari. Kawunsa ya raɗa masa ya kwanta. Ya dubi farar shaddarsa, ya dubi abokansa da suka ɗaga wayoyi suna murmushi, ya ƙi. Nan take Alhaji ya ce a ɗage magana, ya kuma hana 'yarsa ɗaukar wayar Akeem.

Babu ko ɗaya daga cikin wannan a waƙar. A can, Akeem ne mai rauni, Hikmat ce ta yi masa shi.

Akeem ya fara cewa ai waƙa ce kawai, mutane ma sun yaba, har an ce ta sa wasu kuka. Uwarsa ta ajiye rariya.

"Ka san abin da yarinyar nan take yi tun ranar? Kullum da safe sai ta durƙusa gaban ubanta tana roƙa maka. Har ya fara saukowa. Sai ga waƙarka. Yanzu ko kasuwa ba ta iya zuwa, samari na bin ta suna rerawa."

Akeem ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce zai goge ta yanzu-yanzu.

"Goge ta a wayarka," in ji Mulikat. "Ta bakin mutane fa?"

Washegari da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, ya sa wannan farar shaddar, ya nufi Sabon Gari. Ya tarar da Alhaji a ƙofar gida yana yayyafa wa huhun goro ruwa, maƙwabta na zaune a benci. Akeem bai nemi tabarma ba. Ya kwanta cikin caɓi, ƙirjinsa da haɓarsa a ƙasa, ya ce, "Baba, na yi laifi biyu. Na raina ka, na kuma yi wa 'yarka ƙarya a bainar jama'a."

Alhaji ya ci gaba da aikinsa kamar bai ji ba. Sai da ya gama da huhun, ya ɗaure, sannan ya ce na farkon nasa ne, ya yafe, amma na biyun ba shi aka yi wa ba. Ya kira Hikmat.

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta rame.

"Na saurari waƙar sau da yawa," ta ce a hankali. "Tana da daɗi, Akeem. Har ni na tausaya wa mutumin da ke cikinta. Sai dai na yi ta neman kaina a ciki ban gani ba."

Bai iya ɗago kai ba. Ya ce zai rubuta wata, ya faɗi gaskiya duka.

"Rubuta," ta ce. "Amma tashi tukuna, ka ɓata shaddar da ka fi so."

Ya rubuta ɗin. Ta farko dubbai ne suka yaɗa ta. Ta biyu, mai gaskiyar, ko mutum ashirin ba su tura ba. An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah, amma har yau in wani yaro ya wuce yana rera "ɗiyar mai goro", Akeem yakan sunkuyar da kai, Hikmat kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Waƙar rabuwa bakin mutum ɗaya take ji, ɗayan kuwa ba a ba shi damar magana. Wanda zai rubuta ta, ya fara tambayar kansa wa ya soma laifi. Haƙurin Hikmat ya gyara auren, amma bai iya dawo da baitin da ya riga ya fita ba.