Ginshiƙin Ɗakin Baffa Sallau

Ku matso kusa. Kai Ɗanliti, in ka ƙara yi mini dariya sai na murɗe maka kunne. Kun daɗe kuna tambayata abin da ya sa kafaɗar Baffanku Sallau ta zube, yake tafiya a karkace. To yau za ku ji, tunda ni 'yarsa ce, kuma a kaina abin ya faru.

Ɗakin nan da muke zaune, da can biyu ne, da bango a tsakani. Bangon ƙasa mai kauri, shi ke ɗauke da azarar benen da ke samanmu. Da aka haife ni, Baba ya ce sai ya rushe shi, don 'yan suna su sami wurin zama. Gwani Tanimu magini ya ce masa, "Sallau, jira in kawo itacen tokara. Ba a taɓa bango sai an tokare abin da yake ɗauke da shi. Kuma tsohon bango sai da sallama." Baba kuwa kun san shi, zuciya kamar ta kuturu. Ya ce suna ba zai jira itace ba.

Ranar Juma'a, rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci, ya sakale ƙofa ya ɗauki diga shi kaɗai. Inna na sama tana barcin jego, ni ina gefenta.

Ya sara. Ya ƙara sara. Bango ya zube, rim! Sai azara ta yi ƙara. Ƙasa ta fara zubowa daga rufi.

Da ƙura ta lafa, sai ga mutum tsaye inda bangon yake. Dogo, siriri, hannunsa ɗaya a sama ya tallabe azara. Baba ya waiga, ƙofa na nan a sakale. Ya dubi ƙasa. Dugadugan mutumin ne a gaba, yatsu a baya.

"Ba ka iya sallama ba?"

Bakinsa bai motsa ba. Daga cikin tubalan da suka zube muryar ke fitowa.

Baba ya juya zai gudu. Ina! Ɗaya hannun ya miƙe kamar igiyar guga, ya shaƙo wuyansa, ya maka shi da ƙasa, haƙoransa na gaba suka zube. Ya ja shi ta kan ɓaraguzai, ya tsayar da shi bisa tulin ƙasa, ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin azara.

"Nawa 'ya'yan na ƙarƙashin abin da ka zubar. Taka tana sama. Riƙe."

Ya janye hannunsa daga azarar.

Wayyo Allah! Ƙashin kafaɗar Baba ya karye, ƙas, kamar kara. Jini ya ɓalle masa ta hanci. Ya buɗe baki zai ce wa Inna ta sauko, murya ta ƙi fita. A sama yana jin kukana, yana jin gadon Inna na gangarowa, don daɓen bene ya fara lotsawa. Ni ko yanzu in na tuna, sai tausayinsa ya kama ni.

Mutumin ya durƙusa yana tono da farata. Yana zaro wasu 'yan abubuwa masu kuka kamar 'ya'yan kyanwa, yana turawa cikin rigarsa. Na ƙarshe ya fito ba ya motsi. Ya dube shi, ya dubi Baba. Ya tashi ya shara masa marin da ya kashe masa kunne, shi ya sa har yau sai kun ɗaga murya yake jin ku. Duk da haka Baba bai goce ba. Ya san in ya goce, ni da Inna mun tafi.

Can sai ɗan abin ya yi atishawa.

Mutumin ya rungume shi, ya shige cikin bangon gabas, ya bar Baba nan. Idanun Baba suka fara rufewa, ya soma kalmar shahada a zuci. Sai ga mutumin ya dawo, saɓe da wani baƙin gungume.

"Da ka saki, da nawa da taka duk sun halaka. Don wannan kawai."

Ya kafa gungumen ƙarƙashin azara, ya doke shi da dunduniya ya zauna daram. Ya fizge Baba ya yar gefe kamar tsumma. Baba bai ƙara ganin sa ba.

Masu dawowa daga masallaci suka ɓalle ƙofa, suka same shi kwance cikin jini. Gwani Tanimu ya zagaya gungumen, ya shafa, ya janye hannu da sauri. Ɗumi gare shi irin na jikin mutum. Ya ce shi bai san bishiyar da aka saro shi ba. Ya yaɓe shi da ƙasa, ya ce ko ƙusa kada a kuskura a buga masa.

Don haka duk wanda ya girma cikinku, bango ya tsone masa ido, ya tokare tukuna, ya yi sallama, kuma kada ya taɓa shi shi kaɗai.

Ke Tabawa, tun ɗazu kike cewa bayanki na jin ɗumi. Tashi daga jikin ginshiƙin nan. A hankali. Ki ce masa sannu.