Saurayin Murhun Gwamnati

Ranar da Sieni ta fara ganinsa, kankare maiƙo yake yi. Asabar ce da hantsi a lambun bakin kogi na tsakiyar Brisbane. Ta kawo 'ya'yan yayarta uku su yi wanka a tafkin da ba a biyan ko sisi, ta nufi murhun gwamnati, irin wanda ake danna maɓalli ƙarfen ya yi zafi, don ta gasa musu nama. Waɗanda suka riga su sun bar shi kaca-kaca da ƙonanniyar albasa, ga wani dogon saurayi ya duƙa yana gogewa kamar na gidan uwarsa.

"Bawan Allah, in ka gama aikin naka muna jira," ta ce.

"Ba aikina ba ne, layina ne." Ya ɗago yana murmushi. "Amma ƙarfen zai ishe mu mu biyu. Ɗauki ɓangaren dama, ya fi zafi."

"Har ɓangaren da ya fi zafi ka sani? Nan kake kwana?"

"Saura kaɗan."

Sunansa Kelepi, direban bas ne, iyayensa daga tsibirin Tonga suka zo. Ita kuwa malamar jinya ce, 'yar Samoa. Da ta ji asalinsa sai ta leƙa naman da ke gabansa, domin ana tsokanar 'yan Tonga da cin doki.

"Allah ya sa ba doki ba ne."

"Rago ne. Doki sai ranar biki, kuma ba ma gayyatar 'yan Samoa, kar su tafi da tukunyar."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Kafin naman ya nuna ya karɓi lambarta.

Shekara bakwai yana zagaya birnin nan a bayan sitiyari, babu ƙofar da ake shiga kyauta da bai sani ba. Ya kai ta laburare ranar da ake yi wa yara tatsuniya. Ya kai ta gidan tarihi, da lambun itatuwa, kullum da yaran nan uku a biye, domin yayarta aikin ƙarshen mako take yi. Bai taɓa tambayar yaushe za a bar su a gida ba.

Wata Juma'a ya turo mata saƙo:

"Kurciyata, gobe da la'asar akwai makaɗa a dandalin tsakiyar gari. Ki taho da yaran, ni zan zo da tabarma da kankana. Tun da na san ki nake wuce tasha ban tsaya ba, fasinjoji sun fara ƙorafi."

Ta amsa:

"Direbana, ka dinga tsayawa, kar a kore ka in rasa mai kawo kankana. Zan zo."

Akwai wata magana da mata ke gada daga iyayensu ba tare da sun taɓa juya ta sun ga bayanta ba, wai ana gane son namiji ne daga abin da ya kashe. Ba wadda ta taɓa tambayar me ya sa masu kashewar suka fi yawa cikin mazan da ake kai ƙararsu wajen fasto. Losa, mahaifiyar Sieni, ta riƙe maganar nan tamkar aya.

"Ina ya kai ki jiya?"

"Laburare, Mama."

"Laburare! Wancan satin fa?"

"Gidan tarihi."

"Kallon ƙasusuwan matattun dabbobi. Yarinya, gwamnati ce ke neman aurenki, shi rakiya kawai yake yi. Ina raye ba zan ba shi ke ba."

Losa tana da nata gwanin. Desmond Leota ne, dillalin gidaje, ɗan cocinsu, mutumin da ba ya iya gaya maka lokaci sai ya haɗa da inda ya sayo agogon. Furannin da yake kawowa ba ya cire musu takardar kanti, wai mantuwa. Sieni takan karɓa ta ajiye a kan firji, Losa kuwa ta ɗauki hoto ta tura wa matan coci.

Sai dai magana in ta yawaita a kunne tana samun wurin zama. Ranar da Sieni ta cika shekara ashirin da bakwai, Kelepi ya hau da ita hasumiyar agogon birni, ya nuna mata duk titunan da yake bi, ya ba ta matajin katako da ya sassaƙa da hannunsa. Ta yi godiya, amma muryar uwarta take ji. Tana isa gida ta rubuta:

"Kelepi, ko sau ɗaya ba za ka kai ni inda ake biya a ƙofa ba? Ko ban kai ba ne?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo:

"Kin kai, Sieni. Ban san ƙofar kike kallo ba, na ɗauka ni kike kallo. Ki yi haƙuri."

Daga nan shiru, har sati uku. Girman kai ya hana ta kira. Yaran suka ishe ta da tambayar ina Kawu Kelepi.

A cikin satuttukan nan ne kakarta, Nana Fuatino, za ta cika tamanin. Desmond ya miƙe a harabar coci, yadda kowa zai ji, ya ce shi zai ɗauki nauyin liyafar iyali a gidan abincin da ke saman wani dogon bene a tsakiyar gari. Losa ta kusa tashi sama don daɗi.

Ranar Lahadi bayan addu'a suka sauka daga jirgin ƙasa, su talatin da huɗu, cikin fararen kayan coci. Kowace mace da faranti a rufe: gwaza, ɗanyar ayaba a madarar kwakwa, kifi, kaji. Ba a zuwa bikin tsohuwa hannu sake, ba a kuma barin yaro a gida.

Ma'aikaciyar da ke ƙofa ta duba takardarta, ta dube su, ta sake duba takardar. Tebur na mutum takwas aka kama. Ba a shiga da abincin waje, kuma ba a shiga da ƙananan yara.

Desmond ya gyara agogonsa. "Ai ba matsala. Manya su hau, sauran su koma gida, ga tasha nan kusa."

Nana Fuatino ta dogara sandarta ta matso.

"Kai, ɗan wa kake?"

"Ɗan Leota mana, Nana."

"Ni na yi wa ubanka wankan jarirai. A gidan ubanka an taɓa cin abinci yara na tsaye a ƙofa?"

"Nana, nan fa birni ne."

"Ashe." Ta juya masa baya. "To ka hau ka ci birninka."

Ya kuwa hau, shi da kujeru bakwai.

Suka tsaya cirko-cirko a bakin titi, rana na dukansu, masu wucewa na kaucewa. Ƙaramin cikin yaran ya fara kuka. Losa ta kafe ido a kan takalmanta kamar yau ta fara ganinsu. Sieni ta dubi kakarta tsaye a rana, dogare da sanda. Ta ciro waya ta rubuta:

"Kelepi, ni ce mara kunyar nan. Mu talatin da huɗu ne a bakin titi, abinci na hucewa, ga tsohuwa mai shekara tamanin. Ban san inda zan kai su ba. Kai ka sani."

Wannan karon minti ɗaya bai cika ba:

"Ku tsallaka gada, ku bi hagu har babbar bishiyar ɓaure. Ga ni nan. Kar ki bar Nana a rana."

Duk wanda ya san lambun ya san ba a samun rumfa ranar Lahadi da azahar. Tun sassafe iyalai ke tura mutum ya shimfiɗa zani a kan tebur ya zauna gadi, kuma wanda ya riga zuwa ba a ɗaga shi. Kelepi ya iso da kayan cocinsa a jiki, da tabarma ɗaure a ƙugu yadda 'yan Tonga ke yi don girmamawa. Ya nufi babbar rumfa, inda wani tsohon Bagirke da matarsa da jikoki biyu suka baje.

"Baba Stavros, yau da roƙo na zo. Tsohuwarmu ce ta cika tamanin, aka rufe mana ƙofa."

Tsohon ya leƙa, ya ga rundunar fararen kaya. "Duk waɗannan naka ne?"

"Ina fata."

"Akwai gwaza?"

"Faranti huɗu."

"To me kuke jira?" Ya juya ga matarsa. "Eleni, matsa da kwandon nan!"

Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe faranti, yara suka fantsama cikin ruwa. Da Kelepi zai gaishe da Nana, sai da ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa kafin ya buɗe baki. Ya yi ta hidima, bai sa loma ba sai da yaro na ƙarshe ya ƙoshi. Idon tsohuwa bai bar shi ba.

Losa ta kasa haƙuri. "Wannan ma kyauta ne ko?"

"Kyauta ne, Mama," in ji Kelepi.

"Dama na sani."

"Losa, cika bakinki da ayaba," in ji Nana. Ta juya. "Kai ɗan Tonga, me kake jira da jikata?"

"Izini, Nana."

"Na uwarta? Uwarta ta ba wancan izini, ka ga inda ya ajiye mu. Nawa za ka karɓa. Ka turo manyanka."

Losa ta dubi 'yan'uwanta talatin da ke tauna suna kallonta, ta ɗauki ayaba ta cika bakinta.

Da la'asar Sieni ta same shi a bakin ruwa yana wanke hannu.

"Na gaya maka abin da bai kamata ba."

"Kin gaya."

"Ba za ka ce ba komai ba?"

"Da komai. Sati uku ko abinci ba ya min daɗi." Ya miƙe ya fuskance ta. "Kurciyata, ba ni da bene. Ina da aiki, ina da ɗaki biyu, ina da ke in kin yarda."

"Direbana, na yarda tun kafin Nana ta tambaya. Tsoro na ji ɗazu kar ka ƙi zuwa."

"Ai takalmi ɗaya na sa na fito, sai a mota na sa ɗayan."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a cocin su Sieni. 'Yan Tonga suka cika ɓangare ɗaya, 'yan Samoa ɗayan, kowane ɓangare na ƙoƙarin danne muryar ɗan'uwansa da waƙa. A bakin ƙofa Losa ta tara matan coci tana shaida musu cewa ita tun ranar farko ta gane yaron nan ɗan mutunci ne, 'yarta ce ta tsaya ruwan ido. Matan suka yi ta gyaɗa kai, kowacce da faranti a hannu.

Amarya da ango suka durƙusa gaban Nana Fuatino. Ta ɗora hannu ɗaya a kan kowannensu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya haɗa kanku har tsufa. Ya sa gidanku ya zama wurin hutawar duk wanda ya gaji."

Coci gaba ɗaya ta amsa da amin. Muryar Losa ta fi ta kowa ƙarfi.