Kwaɗin Hamida

Muhtari ne ya kashe kwaɗin Hamida, da hannunsa, saura kwana tara a ɗaura musu aure.

Da hantsi ya kawo akwatin gilashin a keke napep, ya sauke shi a zauren gidansu, ya tsaya kansa a ƙasa. Hamida ta fito tana gyara mayafi tana murmushi. Warin maganin feshi ne ya fara dukan hancinta.

Ta durƙusa gaban akwatin.

Su bakwai ne. Shekaranjiya koraye shar, yau sun yi fari fat, sun miƙe ƙafafu a kan ganyen ayaba.

"Yaya Muhtari... mi ya same su?"

"Hamidata, ki tsaya in yi miki bayani..."

"Kai ka yi feshi a ɗakin?"

"Ni na yi. Amma wallahi..."

"Da su a ciki?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Da su a ciki, Muhtari?!"

"Da su a ciki," ya ce.

Wanda bai san Hamida ba zai ce mi ye abin kuka a mushen kwaɗo. To, ga yadda abin yake. Shekara biyu da suka wuce, da zaman Birnin Tsaba ya gagare su bayan rasuwar babanta, suka tattaro suka dawo Kaura Namoda. Kowa ya ɗauki abin da zai iya. Innarta Rekiya ta ɗauki tukwane. Ita kuwa Hamida ta ruga fadamar babanta ta kamo 'yan koren kwaɗin nan masu manne wa ganye, ta zubo su a bokiti. Tun tana ƙarama baban ke ɗora mata su a tafin hannu, yana ce mata duk fadamar da suke ciki ruwanta lafiyayye ne. Gona ta tafi, gida ya tafi, su kaɗai suka rage mata.

Wani mai gyaran tagogi ya haɗa mata akwati, ta sa raga a sama. Ruwan sama take tara musu, ba ta ba su na famfo. Gyare da shinge, garar nan mai fiffike, take kama musu. In ta shafa mai ko turare, ba ta taɓa su sai ta wanke hannu, don ta fatarsu suke shan komai.

Ta dalilinsu ma ta haɗu da Muhtari. Sana'arsa ke nan, feshin gonaki da gidaje. Wata rana yana feshin gidan maƙwabta, iska na kwaso maganin zuwa gidansu, ta fito ba ko takalmi tana yi masa ihu ya tsaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga kwaɗin sai dariyar ta tsaya. Daga nan sauran samari na kai sabulu da turare wurin zance, shi gwangwanin gyare yake kaiwa.

Mahaifiyarsa, Inna Turai, ba ta taɓa son maganar ba. Akwai Safiya, ɗiyar ƙanenta daga Shinkafi, wadda ke zaune gidansu tana karatu, ta kuma daɗe da sa ran Muhtari. Ita ta riƙa raɗa wa tsohuwar cewa ba a banza budurwa ke kiwon kwaɗo ba, ai a bakin kwaɗo ake ɗinke asiri. Inna Turai ta rantse kwaɗo ba zai kwana gidan ɗanta ba. Muhtari ya taurare, ya kai akwatin sabon ɗakin tun kafin jere, ya ce shi zai riƙa ba su abinci har amarya ta tare.

Duk wannan Hamida ta sani. Shi ya sa ba ta nemi wani bayani ba.

"Innarka ta ce a kawar da su, ka kawar," ta ce. "Da ka zo ka ce min in zaɓa, kai ko su, wallahi da kai zan zaɓa. In yi kukana in sake su a rafi. Amma ka rufe su ka fesa musu guba?"

"Rabin raina, ban san suna..."

"Kai da ke ba su abinci ba ka san suna ɗakin ba? Ka gaya wa manyanka su aiko a kwashe lefensu."

Ta shige ciki.

Inna Rekiya ta bi ta har ɗaki tana tafa hannu.

"Ke Hamida! Kan kwaɗo za ki watsa aure? Mi zan ce ma mutane?"

"Ba kwaɗo ba ne, Inna. Wanda ya yi min wannan a ɓoye tun ban shiga ba, mi zai yi in na shiga?"

Hamida ta binne kwaɗin a gindin zogale. Wayarta ta yi ta ruri, ba ta ɗauka ba. A rana ta biyu kiran ya tsaya cak, wannan kuma ya fi kiran yi mata ciwo. Ta daina cin abinci. Lefen na nan a jibge, ba wanda ya zo ɗauka.

Rana ta biyar da la'asar aka yi sallama a tsakar gida. Hamida ta leƙo. Inna Turai ce da kanta! Uwar ango a gidan amarya kafin biki, abin da ba a yi. Tana riƙe da bokiti an ɗaure bakinsa da yankin gidan sauro.

Ko tabarma ba ta jira ba, ta zauna a kan turmi.

"Ɗiyata, zo nan."

Hamida ta zo ta durƙusa. "Ina wuni, Inna."

"Ba lafiya ba. Yaron nan na asibiti." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "Maciji ya sare shi a fadamar babanki."

Hamida ta dafe ƙirji. "Innalillahi... Mi ya kai shi can?"

Tsohuwar ta tura mata bokitin da ƙafa.

Hamida ta kwance ragar. Guda huɗu, koraye shar, sun manne a jikin ganye, maƙogwaronsu na motsi.

"Kwana ukku ya yi can gidan wani Nasidi, abokin babanki," in ji Inna Turai. "Kullum da sassafe shina cikin ayaba shina lalube. Jiya anka yi ruwa, ya sa hannu gindin ciyawa, ashe kasa ce kwance. Nasidi ya ɗauko shi bisa babur tun daga can. Hannu ya kumbura kamar tulu, amma ya ƙi sakin bokitin ga!"

Hawaye suka zubo wa Hamida.

"Saura ki ji nawa laifin. Da anka shigo da shi, Safiya ta faɗi tana birgima, ta tona kanta. Ita ta tura akwatinki ƙarƙashin gado, ta ja zane ta rufe. Ta ce mai wai ni na sa an maido miki abinki, kuma na ce a yi feshi kafin 'yan jere su zo. Ya duba lungu ya ga wayam. Kunya ta hana shi kiranki, don a zatonsa uwarsa ta yi miki wulaƙanci. Ya fesa, ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma kamar yadda ya saba. Sai da safe ya gani."

"Bai sani ba..." Hamida ta faɗa a hankali. "Ya ce min bai sani ba, na hana shi ƙarasawa."

"Ni na ba ta fuska. Ki yafe min. Na sa ta mota da safen ga, ta koma gidan ubanta." Ta sharce ido da bakin mayafi, sai kuma ta harari bokitin. "Kuma ki karɓi kayanki! Tun jiya ya hana ni sakat, wai in yayyafa musu ruwan sama, wai kar in taɓa su da man zafi a hannu. Ni Turai, da girmana, ina farautar gyare bayan murhu!"

Inna Rekiya ta fashe da dariya. Hamida na dariya tana kuka, ta kifa kanta a gwiwar tsohuwar.

"Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri..."

"Tashi ki ɗauko hijabi. Ba ni za ki gode ma ba."

A asibiti, Muhtari yana kwance a gadon ƙarshe, an naɗe hannun daman har gwiwa, ana ƙara masa ruwa. Ya rame, leɓensa ya bushe. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi.

"Kwanta!" ta ce. "Wa ya aike ka?"

"Huɗu kawai na samu, Hamidata. Saura uku."

"Wallahi in ka sake taka fadamar nan ni da kai ne!"

"To kin fasa korata?"

Ta zauna a kujera, ta sunkuyar da kai.

"Ka yafe min, masoyina. Na yanke maka hukunci ban saurare ka ba."

"Ai ni na fesa. Da na ajiye kunya na kira ki minti ɗaya, da suna nan."

"Da ka mutu fa? In ce mi? In ce kwaɗo na samu?"

"Ban mutu ba. Ki gode wa Allah, ki gode wa Nasidi da baburinsa."

"Na gode musu," ta ce. "Kai kuma ban san da bakin da zan gode maka ba."

Ta dubi naɗin. Daga ƙarshensa wani abu baƙi ƙirin ya leƙo. Ta ɗauke kai da sauri, ta sake dubawa.

"Mi likita ya ce?"

Ya yi murmushi, ya kalli silin. "Ya ce gobe da safe za su duba."

An ɗaga bikin da sati uku. Ranar Asabar bayan azahar aka ɗaura, jama'a har daga Zurmi da Banga. Inna Turai da kanta ta hana kowa kunna turaren wuta a ɗakin amarya, 'yan jere na guna-guni ta ce wanda bai iya ba ya fita. Akwatin gilashin na nan jikin taga, an wanke shi sau bakwai da ruwan sama.

Da aka watse, Muhtari ya shigo ya miƙa wa amaryarsa hannu. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, tana faɗin alhamdulillahi a hankali.

Yatsu uku ne a jiki. Manuniya da na kusa da ita, a asibiti ya baro su.