Abin da Ya Biyo Igiyar Genzo

Rana ta karkata bayan duwatsu lokacin da Chizuru ta ɗauki makullin a-kori-kura ta ce za ta je ta duba ruwa. Haka take yi duk jajibirin shiga kwazazzabo. Washegari ita da yayanta Genzo za su ratsa Maƙoshi, wani tsagin dutse mai zurfi da ke saman ƙauyensu, mai matsin da a wasu wuraren sai mutum ya karkace ya sa kafaɗa gaba kafin ya wuce. Dusar ƙanƙarar kan tsauni ta fara narkewa, kuma duk ruwanta ta nan yake bi.

Tun safe suke kan taswira a rumfar kaya, tun safe kuma suke faɗa. Ita ta ce a jira ruwa ya ja baya. Shi ya ce wasu mahaya dutse daga birnin Osaka sun sa ranar zuwa, kuma ba zai zauna baƙi su riga shi ratsa kwazazzabon da aka haife shi a gindinsa ba.

"In tsoro kike ji ki faɗa," in ji Genzo, yana naɗe igiya a gwiwar hannu. "Sai ki zauna gida ki dunƙula mini shinkafar guzuri."

"Yaya, wurin nan in ka sauka ka zare igiya, babu komawa. Sai dai gaba. Kuma ruwan can ba ya barin yatsa ya riƙe komai."

"Tun da Baba ya ce hannunki ya fi nawa iya ƙulli kike jin kanki."

"Baba ya rasu. Ka bar shi ya huta."

Genzo ya jefa igiyar da rigar robarsa ta shiga ruwa a bayan mota, ya shige gaba ya zauna. Chizuru ta ja motar, suka bi hanyar masu yankan katako.

Hanyar ta ƙare ne a wani fili mai tsakuwa, dab da bakin Maƙoshi. Iska mai sanyi tana fitowa daga tsagin, tana warin gansakuka da jiƙaƙƙen ƙarfe. A ƙasa ruwa yana ruri. Tsofaffin ƙauye sun gitta igiyar ciyawa da fararen takardu tsakanin itatuwa biyu a wurin, alamar kada a ƙetare, kamar yadda suke yi kowace shekara. Chizuru ta tsaya a bayanta ta haska alamar jan fenti ta auna ruwa da ke jikin dutse. Ruwa ya shanye ta.

"Ka gani da idonka," ta ce.

"Na ga ruwa a rafi. Abin mamaki." Ya riga ya fara sa rigar robar. "Zan sauka magangara ta farko in duba ƙusar ɗaura igiya da ke ƙasa. In tana da ƙarfi, gobe da safe za mu shiga, ko kina so ko ba kya so."

"Duhu ya kusa."

"To ki rufe ido."

Ya ɗaure igiyar a ƙugiyar bayan mota. Ita ta karɓi ɗaya bakin ta yi masa ƙaton ƙulli don kada Genzo ya zarce ƙarshen igiyar, ta shimfiɗa jaka a gefen dutse don kada igiyar ta goge. Ya ɗaga igiyar ciyawar da bayan hannu ya wuce ta ƙarƙashi.

Ƙa'idarsu tun ta Baba ce. Ƙarar ruwa ba ta barin a ji magana, sai usur. Busa doguwa, na sauka lafiya. Gajeru a jere, ja ni.

Ta kwanta rub-da-ciki tana leƙe. Fitilar goshinsa tana sauka a hankali tsakanin baƙaƙen bangaye biyu, feshin ruwa yana dukanta.

Sai ta ji busa doguwa.

Ta ƙura ido. Fitilar tana nan rataye, ko rabi bai kai ba. Hannayensa biyu suna kan igiya. Busar daga can ciki ta fito, inda babu kowa.

Fitilar ta tsaya. Shi ma ya ji. Ta ga ya ɗago kai, ya sake sunkuyarwa. Ta san halinsa, ba zai hauro ya ce ya tsorata ba. Ya ci gaba da sauka har dutse ya kare shi.

Can sai ruwan ya yi shiru.

Ba raguwa ya yi ba. Tana ganinsa yana zuba fari fat, amma babu ƙara. Tana jin numfashinta. Tana jin injin mota yana ƙas-ƙas yana hucewa a bayanta.

"Chizuru."

Muryar Genzo ce, a hankali, kamar yana kwance kusa da ita.

"Ƙanwata, sauko. Ruwan da ɗumi. Ki zo ki gani."

Rabon da Genzo ya kira ta ƙanwata tun tana 'yar makaranta.

"Kin fi ni gaskiya. Ki yafe mini. Sauko, zan riƙe ki."

Ta ɗora tafin hannu a kan igiyar. Igiyar tana rawa. Ba rawar mai sauka ba ce, fizga ce ta mai kokawa. A ƙarƙashin muryar mai daɗi ta tsinkayi wata, a shaƙe, kamar ta mai magana da ruwa a baki.

"Ke... shashasha... ja ni."

Wannan shi ne.

Ta ja da hannu biyu. Igiyar ko motsi. Sanyinta ya ƙone mata tafi. Nauyin ya wuce na mutum ɗaya.

Ta ruga ta faɗa mota. Ta murza makulli. Ta sa giya ta fara tafiya kamar mai rarrafe. Motar ta yi nishi. Taya ta watsa tsakuwa.

A madubi, cikin jan hasken fitilar baya, ta ga hannu ya kama bakin dutse. Sai hular kwano. Sai kafaɗu.

Sai wani kan a bayan nasa.

Ta taka birki ta fito da wuƙar yankan igiya.

Abin yana goye a bayansa. Gashi dogo, jiƙe, ya manne wa rigar robar. Fata fara kamar cikin kifi. Hannayen sun zagaye ƙirjin Genzo sun sake zagayowa. Bakin yana manne da kunnensa yana motsi, kuma abin da ke fitowa muryarta ce, tata ta kanta, tana raɗa. Yatsunsa dogaye suna lalubar ƙugiyar da ta haɗa ɗamararsa da igiya, suna murza makullinta.

Idon Genzo a buɗe, amma ba ya ganinta. Leɓɓansa sun yi shuɗi.

Ta soka wuƙar a hannun abin. Ta shige kamar a ruwa. Sanyi ya hau mata har kafaɗa, wuƙar ta faɗi.

Ya juyo da fuska. Babu idanu. Ramuka biyu ne, ruwa yana zuba daga cikinsu.

Ta ja da baya, sai ta lura ba shi da ƙafafu. Jikinsa ya zarce ta bakin dutsen, ya miƙe har ƙasa cikin duhu, kamar jiƙaƙƙen zane. Bai rabu da ruwan ba.

Makullin ƙugiyar ya yi ƙas.

Ta koma mota ta taka mai har ƙasa.

Ta ji jikin yayanta yana gurzar tsakuwa. Ba ta ɗaga ƙafa ba. A madubi abin yana miƙewa, yana sirancewa, muryarta tana kiran sunanta daga baya. Igiyar ciyawa ta tsinke. Fararen takardu suka tashi.

Sai nauyin ya saki. Rurin ruwa ya dawo gaba ɗaya.

Ta jawo Genzo cikin mota, ta kunna na'urar ɗumi, ta gangara ba ta waiwaya ba.

Ya daɗe a asibitin gari. Haƙarƙari ya karye, tsakuwa ta saɓule masa fatar cinya. Waɗannan duk sun warke. Abin da bai warke ba shi ne shatar hannaye a ƙirjinsa, fara, mai sanyi ko a tsakiyar bazara. Chizuru ta kira mutanen Osaka ta ce dutse ya rufta a Maƙoshi. Tsofaffin ƙauye suka murza sabuwar igiya suka ɗaura, ba su tambaye ta komai ba.

Ranar da aka sallame shi, ita ta je ɗaukarsa. Sun yi nisa kafin ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Kin san abin da muryar nan take faɗa mini?"

"Ba ni ba ce, Yaya."

"Ta ce in kwance ƙugiya. Ta ce kin gaji da ni. Ta ce tun ranar jana'izar Baba, da aka ƙone gawarsa bisa al'ada, kike fatan da ni aka ƙone ba shi ba."

"Na ce maka ba ni ba ce. Ni na jawo ka."

"Na sani." Ya gyara zama yana dafe da ƙirji. "Amma ki ce mini ƙarya ta yi."

Chizuru ta buɗe baki. Titi ya yi kwana, ta bi kwanar, ta sake bin wata.

Kafin lokacin kaka, Genzo ya kwashe rabin kayan rumfa ya koma wani gari a kan tudu, inda babu ko rafi. Sukan haɗu a gidan mahaifiyarsu duk sabuwar shekara. Yakan karɓi kwanon miya daga hannunta, ya yi godiya kamar baƙo, ya zauna ya jingina bayansa da bango.